Tulun Hawaye

A gidanmu na Tarai, da an gama tuwon dare, kakata Iya Gaje kan ja kujerarta bakin murhu, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Mace ce mai baki, ko liman ne ya gifta sai ta tsokane shi.

Makon da ƙyanda ta ɗauke ƙanena Sani, ba mu zaci za a yi tatsuniya ba. Matan da suka zo gaisuwa sun tsawatar wa Innarmu kada ta yi kuka, wai hawayen uwa tafasasshen ruwa ne a kan ɗanta cikin kabari. Inna ta haɗiye kukan. Ta daina ci, ta daina magana, tana ɗaki tana ramewa muna kallo.

"Ku matso, ga wata tatsuniya ta zo da ƙafarta," in ji Iya da ƙarfi, tana fuskantar ƙofar ɗakin Inna.

Wai wata mata ce ɗanta ya rasu, aka gaya mata abin da aka gaya wa Inna. Sai ta riƙa tara hawayenta a tulu. Da ya cika ta ɗora a ka, ta hau dutsen da ya fi tsawo a ƙasar Rano, ta ɗaga kai ta ce, "Ya Ubangiji, kai ka ba ni yaron, kai ka karɓe. Ruwan nan ma kai ka zuba a idona. In ƙona shi zai yi, don me ka ba ni?" Ba a amsa mata ba. Ta sauko ta juye tulun a kan kabarin. Kashegari ciyawa ta tsiro a wurin, koriya shar.

Baffa Malam, ƙanen babanmu, ya leƙo daga zaure. "Iya, wannan saɓo ne. Ba a tambayar Allah."

"Malam, na rasa 'ya'ya tun ban haife ka ba. Sallata ban fasa ba, tambayata ma ban fasa ba. Tsakanina da Shi ne. Koma zaurenka."

Sai muka ji kukan Inna ya ɓalle. Ta yi har muryarta ta dushe. Iya ta kai mata kunu, ta sha.

Bara 'yata ta cika a hannuna kan hanyar asibiti. Har yau ina tambayar Ubangiji dalili a kan sallaya, har yau ban ji amsa ba. Na yi imani da Shi, amma ban yarda zai karɓi yarinya sannan ya azabtar da ita da kukan uwarta ba. Wannan zancen mutane ne, kuma yana ba ni haushi.

Ranar gaisuwa wata dattijuwa ta dafa ni ta ce, "Share hawaye, 'yar nan, kar ki ƙona ta."

Na ɗago na dube ta. "Hajiya, ki bar ni. Tuluna bai cika ba."