Surukina a Bakin Ƙofar Shago

Duk Madarumfa an san ni da abu biyu: gyaran rediyo da salula, da kuma ci. In na zauna gaban kwanon tuwo, kajin gidan ma fidda rai suke yi. To ranar da surukina ya sauke wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, daga amalanke a ƙofar shagona, cin nan ne ya shiga uku.

Wani porje na ƙungiyar agaji ne ya tashi ya bar masa ita, ta yi shekara da shekaru a ɗakinsa cikin komar kamun kifi. Jakin da ya jawo ta sai da ya yi ajiyar zuciya.

"Jikokina sun ce tana shiga intanet," in ji shi. "So nike in riƙa ganin malamai da girmansu, ba cikin ɗan madubin salula ba. An ce babu abin da ka gagarar ka."

Ni na faɗi haka a majalisa, da bakina. Na durƙusa na ce, "Baba, ai ƙaramin aiki na."

Sai ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa, ya jawo casbi. Shagon kuwa ƙofarsa ke nan guda.

A wajenmu ba a cin abinci gaban suruki. Ba a tsallake shi a fita. Ba a kuma duban idonsa a ce masa abu ya faskara.

Na buɗe cikinta. Ba ta da ramin da ake soka wayar intanet, sai na ciro kartin rezo, ɗan allon da ke da ramin, daga gawar wata ordinata da ke ƙarƙashin tebur. Haƙoransa sun yi baƙi, na goge su da gwam, abin goge fensir na ƴan lakwal, na soka, na ɗaure. Maƙwabcina mai siber, shagon shiga intanet, ya zuro mani waya ta taga. Na kunna. Ta yi gurnani, ta yi tari, sannan ta ce ta ga baƙo amma ba ta san shi ba, sai an kawo pilot, wato ɗan umarnin da ke gabatar da karti ga na'ura. Pilot ɗin yana intanet. Intanet kuma ba a shiga sai da pilot. Maƙwabci ya ɗauko mani shi a kile, ƴar ma'ajiyar nan mai kamar ɗan yatsa, na soka, ta yi kamar ba da ita ake ba. Ta girme shi nesa.

Ana haka matata ta iso da dambu da soyayyen kifi. Ta ga ubanta, ta durƙusa, ta ajiye kwanon gabansa, ta dube ni da tausayi, ta juya.

"Bisimilla, ɗana."

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nike."

Cikina ya yi ƙugin da ya girgiza kwalaben shagon.

"Mi na na?"

"Ordinatar ta, Baba. Haka tsofaffin ka yi."

Da azahar na sa rai zai tashi in samu in ci, ashe tare za mu masallaci, tare za mu dawo. Maƙwabci ya sa pilot a faifan sede, ya miƙo ta taga yana raɗa, "Angon Baba, in haɗo maka da ƙosai? Ka hadiye ba tauna!" Da ina da ƙarfi da na jefe shi da guduma. Na zura faifan, wannan karon ta karɓa.

Bayan la'asar, idona na ganin kifi a kowane lungu, wata ƴar fitila koriya ta ƙifta a bayan kartin. Wani malami ya bayyana a madubinta, yana magana yana sandarewa, amma ga shi da rawaninsa cikakke. Tsohon ya yi murmushin da ban taɓa gani ba tun ranar ɗaurin aurena.

Na yi maza na fara cire wayoyi in ɗora masa ita a amalanke.

"A gida ma haka za ta yi?"

"Sai da wagga waya, Baba. Ita kuwa daga siber take."

"To ka bar wahal da jaki. Ta zamna nan. Kullum da hantsi ina tahe."

Bai taɓa saɓawa ba. Yanzu har da abokansa yake zuwa, kuma a wajenmu duk surukaina ne. Na ƙara wa bel ɗin wandona huda, na sake ƙarawa.