Baba Anya da Layin Wankin Ƙoda

Kullum kafin a buɗe ƙofar asibitinmu, Baba Anya ya riga ya zauna a ɗan ɗakinsa na bayan sito, yana harar kwamfuta kamar ta ci masa amana. Shi ke kula da shafinmu na intanet. Sunan kuwa mu muka laƙaba masa, don ko gaisuwa ka yi masa sai ya ce, "Anya?"

Ni ce mai karɓar marasa lafiya. Wata rana na leƙa, na ga duk abin da ya rubuta da yaren kwamfuta na JavaScript sai ya kewaye shi da alamar baka, ya ƙara wasu baka biyu a wutsiya. Na tambaye shi dalili.

"'Yar nan, na farkon katanga ce, na ƙarshen kuma su ke ce wa aikin ya tashi yanzu. Ya yi, ya gama, wani na waje bai taɓa kayansa ba."

"Baba, wa zai taɓa?"

"Wanda bai zo ba tukuna."

Manaja dai bai yarda da shi ba. Cewa yake tsohon nan ɓoye aiki yake don kada a iya sallamarsa. Da wani kamfani ya kawo akwatin hira da masu ziyara kyauta a liƙa a shafin, Baba ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Manaja ya ce baƙin ciki ne kawai, ya sa aka liƙa.

Washegari shafi ya hargitse! Sunayen da baƙon akwatin ya zo da su a cikin rubutunsa sun hau kan na gida, jadawalin likitoci, wanda wasu suka rubuta ba Baba ba, ya zama shirme. Gabana ya faɗi, domin yayana na layin wankin ƙoda a safiyar, ƙafafunsa sun kumbura ko takalmi ba ya shiga. In layinsa ya ɓace a shafin, sai wani makon, kuma jikinsa ba zai kai ba. Nan take na buɗe sashen layin wankin ƙoda a shafin. Yana nan daram, kowa a gurbinsa. Shi ne sashen da Baba ya rubuta.

Kai ne mai zargin da ya yi mana rana, Baba. Ka sha harara da habaici, ba ka rushe katangarka don a so ka ba. Yau da kake ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku riƙa killace aikinku, ba ku san ran wa ke rataye da shi ba.

Yaya bai taɓa ganin fuskarka ba, amma ya ce in gaishe ka. Da ƙafarsa ya raka 'yarsa makaranta yau.