Zaman Makokin Malam Nata'ala a Gaban Dogon Tudu

Malam Nata'ala ya rasu. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, ina riƙe da sabuwar jikata ina ta dariya, aka bugo waya daga unguwar Abbasiya, a nan Masar, aka faɗa mini. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam, karatu ya kawo ka Masar, ka tsufa kana binciken kayan tarihi. Ni da na koyi baƙi a ajin yamma da furfurata, ba ka taɓa raina tambayata ba. Kai ka kai ni bayan unguwar Ma'adi, ka nuna mini wani dogon tudun ƙasa da duwatsu, ka ce kushewa ce ta mutanen da suka yanka nama da wuƙar dutse, tun ba a yi Fir'auna ba. Na ce, "Malam, waɗannan ko alƙibla ba su sani ba, ina ruwanmu?" Ka ce, "Alhaji Sabo, 'ya'yan Adamu ne. Sauko, kana taka su."

Tun da wani ɗan kwangila ya fara zuba ɓaraguzan gini a wurin, kullum da safe kana kan kujerarka a bakin hanya, kana jiran hukuma ta zo ta kewaye tudun. Ka tafi ba ta zo ba.

Shi ya sa uwargidanka, Hajiya Hindu, ta ce a shimfiɗa tabarmin makoki a nan. Jiya babbar motar ɗan kwangilar ta taho maƙare da ɓaraguzai. Ba wanda ya tashi. Ta matso har muna jin zafin injinta a fuska. Direban ya dube mu, ya dubi kujerar da ba kowa a kai, ya kashe mota, ya sauko. Ya ce da Larabci, "Ma'alish, ku yi haƙuri, ina dattijon?" Muka faɗa masa. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya juya da kayansa. Amma ya ce ranar Lahadi wani za a turo.

Ranar Lahadin ce kuma jami'an hukuma masu duba wurin suka ce za su zo. Ba mu san wanda zai riga ba.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka yadda ka tsare na wasu. Allah ya ba Hajiya Hindu da 'ya'yanka Mazin da Eman haƙuri.

Jama'ar unguwannin Hay el-Sabi' da Abbasiya, ba za mu naɗe tabarma ba. Ku zo ranar Lahadi da sassafe, ku ga abin da ya tsare, ku zauna kusa da kujerarsa.