Malam Sulusi da Gorunansa

"Ai ke ma ba son tarkacen nan kike ba, Malama," in ji Shugaban makaranta, yana tsaye a ƙofar ɗakin ajiyarka da makulli a hannu. "Shekara goma sha ɗaya kina faɗa a taron malamai. To, mai su ya riga mu gidan gaskiya. Sai a kira masu shara, mu zuba karyayyun kujeru a ciki."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba kullum hakan ke faruwa ba.

Ranar Litinin ke nan, kwana shida da rasuwarka, Malam. Allah ya karɓi ranka ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, a gadon asibiti, bayan jinyar mako biyu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Labarin ya same ni a gaban allo, ina tsakiyar rubuta lissafin da babu wanda ke bi sai ni. Na ajiye alli, na ce wa yara Malam Sulusi ya rasu. Karo na farko ke nan da aji mai yara sittin ya saurare ni gaba ɗaya.

Na leƙa ɗakin ta bayan kafaɗar Shugaba. Gorunan lemo na roba sun fi ɗari biyu, a jere kan katako, kowace da lambarta a gindi. Ga famfon kekenka da aka naɗe hannunsa da tsumma, ga bokiti, ga kwalin da kake yanka fikafikai. A bayan ƙofa rigar canjinka tana rataye, kusa da ita kuma tiyon da na saya maka, a naɗe kan ƙusa kamar yadda ka rataye shi shekara tara da suka wuce.

Ranar da na fara aiki a makarantar nan, da digirina na biyu a jaka, na gan ka a bakin ƙofa da buhun goruna a kafaɗa, na tambaye ka ko ka san inda malamin fiziks yake. Ka ce ka sani, ka raka ni har ɗakin malamai, ka ajiye buhun, ka zauna a kujerarsa. Tun daga ranar kake kirana Farfesa, kuma ban taɓa kama ka kana murmushi ba sa'ad da kake faɗa. Muka raba azuzuwa, ni allo, kai fili.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga abin da kake yi duk ranar Alhamis. Ka ɗauki gora, ka manna mata fikafikai uku, ka zuba ruwa, ka toshe bakinta da toshi mai bawul ɗin taya a tsakiya. Ka kifa ta kan ɗan katako, ka tsuguna a gefenta, ka yi ta buga iska yara suna ƙirgawa da ƙarfi. Ba wanda ya san lokacin da toshin zai saki. In ya saki, gora ta yi sama ta wuce benen makaranta, ruwan kuma ya ƙare a jikinka, daga hula har takalmi. Kana kiran abin roka, ni kuma ina kiransa wankan Alhamis.

Sunanka ya samo asali daga ma'aunin ruwan. Sulusin gora, ba ƙari. Yaro ya ce a cika ta don ta fi tashi, sai ka bar shi ya cika, ta ɗan yi tsalle ta faɗi kamar agwagwar da ta ƙoshi. Sai ka ce, "Gora kamar ciki ce, wanda ya cika ta ba ya tashi." Ka ɗauki ƙa'idar ka shafa wa komai. Ba ka cika kofin shayi. In aka ba ka minti goma sha biyar a taro, biyar kake ci ka zauna. Da sauran malamai sun yi koyi da kai a nan kaɗai, da ya isa sadaka mai gudana.

Neman goruna kuwa ya zubar mana da mutunci a wurare da yawa. A walimar auren 'yar malamin tarihi, na gan ka tsaye a kan wani babban baƙo, hannu a baya, kana jira ya shanye lemonsa. Da ya ɗago kai, sai ka ce, "Alhaji, sha a hankali, ba sauri. Amma in ka gama kada ka matse ta." Kuma ba kowace gora kake karɓa ba. Sai ka kai ta kunne ka ƙwanƙwasa, kamar mai sayen kankana, in ba ta yi maka ba ka mayar wa mai ita da ban haƙuri.

Shugaba bai manta ranar da masu duba makarantu suka zo ba, kuma ina jin shi ya sa makullin ke masa ƙaiƙayi a hannu. Iska ta juya, gora mai lamba arba'in da ɗaya ta bi ta tagar ofishinsa ta sauka tsakiyar tebur, kan rahoton da ke cewa makarantarmu wuri ne mai natsuwa. Ka shigo da sallama, ruwa na ɗiga daga gemunka, ka gaisa da baƙi ɗaya bayan ɗaya, ka nemi izinin ɗaukar gorarka. Kafin ka fita ka sanar da su cewa taku tamanin da huɗu ta yi, domin ka ƙirga a hanya. Aka hana roka zango guda, daga baya aka mayar da kai can ƙarshen filin ƙwallo.

A shekarata ta biyu na saya maka tiyo mai tsawon taku goma, don ka riƙa buga iska daga nesa kamar mutum mai iyali. Har takarda na haɗa maka da lissafin da ke nuna cewa matsin iskar ba zai ragu ba. Ka karanta har ƙarshe, ka gyara mini alama ɗaya, ka ce, "Allah ya yi albarka, Farfesa. Zai yi amfani wata rana." Ka rataye shi. Alhamis ta zagayo ka jiƙe kamar kullum, ni kuma na yanke hukuncin cewa taurin kai ne irin na tsufa.

Ba ka taɓa rama mini ko kalma ɗaya ba. Da mahaifiyata ta kwanta ciwo zango guda, kai ka riƙe azuzuwana a kan naka, ba ka kai maganar ofis ba, ba ka kuma yarda na gode maka a gaban mutane ba. Da na dawo na tarar yarana sun gane abin da na yi shekara ina rubuta musu, suna kuma tambayata me ya sa ni ba na jiƙewa. Na gode maka a ɓoye, na ci gaba da sukar gorunanka a fili, domin mutum ba ya sauya ra'ayi don kawai an nuna masa ya yi kuskure.

Da na je duba ka a asibiti, na tarar kana yi wa nas bayani cewa ta ɗaga ledar ƙarin ruwa sama kaɗan, matsin zai ƙaru. Ta ɗaga, don ka yi shiru. Sai ka juyo ka ce ka yi wa 'yan aji huɗu alkawarin roka, wa zai yi musu? Na ce ka warke tukuna. Ka dube ni yadda kake duban yaron da ya cika gora.

Ranar da muka je gaisuwa, Hajiya maiɗakinka ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, shekara ashirin da shida, duk Alhamis sai na yi shanya, ina mita yana dariya. Wannan Alhamis ɗin na fito tsakar gida na tsaya ina kallon igiya."

Ina jin maganarta ce ta fito ta bakina a ƙofar ɗakin nan, domin ni dai ban shirya ta ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni Alhamis."

Shugaba ya dube ni ta saman tabarau. "Ke?"

"Ni."

"To. In kin harba, zan tambayi ɗalibi ɗaya me ya tura ta sama. In ya faɗa daidai, ɗaki ya zauna. In ya kasa, masu shara ranar Juma'a. Kuma ni zan zaɓi ɗalibin."

Ranar Alhamis na yi shiri irin na masu ilimi. Na auna ruwa da kofin gwaji, na auna kusurwa, na sauke tiyona daga ƙusa, na ce yau ranarsa ta zo kamar yadda ka faɗa. Na tsaya taku goma daga gora, cikin atamfata mai kyau da takalmi mai tsini, na buga iska. Malam, bari in faɗa maka don tarihi: ta tashi fiye da duk wadda ka taɓa harbawa. Kai sittin suka ɗaga sama, aka yi tafi mai ladabi, ko ɗigo bai taɓa ni ba.

Shugaba ya bi layi da ido, ya tsaya kan yarinyar nan ta kujerar baya da ake kira 'Yar Barci, wadda ba ta taɓa ganin ƙarshen darasina ba. Ya ce, "Ke, me ya tura gorar sama?"

Ta yi tunani mai tsawo, ta ce, "Ikon Allah, ranka ya daɗe."

Bai iya musawa ba, amma ba ita ce amsar da ke cikin manhaja ba. Ya fara kaɗa makulli.

A lokacin idona ya sauka kan ɗan katakon. Ƙasa ta jiƙe a kewayensa, kuma cikin mu sittin da biyu babu wanda ya ga lokacin da ruwan ya sauka, kowa sama yake kallo. A zamaninka ba gora yara ke kallo ba, kai suke kallo, suna jiran ka sha wanka. Shi ya sa suke ganin ruwa ya yi ƙasa a daidai lokacin da gora ta yi sama, wato rabin darasin da ni na bari a taku goma. Shekara tara tiyo na rataye yana faɗa mini, ban ji ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, saura ɗaya. Wancan gwaji ne."

Na cire tiyo, na ɗauko wata gora na zuba sulusi, na tattare zani na tsuguna inda kake tsugunawa. Nan take layi ya watse, yara suka matso, har 'Yar Barci ta kutso gaba. Shugaba ma ya matso, don kada a yi masa maguɗi. Suka fara ƙirga. A bugu na goma sha bakwai toshi ya saki. Ban ga inda gorar ta je ba, domin tabarauna sun tafi, ɗankwalina ya sauko kan hanci, ruwa ya shiga wuraren da digiri ba ya karewa. Dariyar da aka yi, har masu gadi sun taso.

Ba a ma tambaye ta ba, 'Yar Barci ta yi ta tsalle tana ihu. "Gora ta tura ruwa ƙasa, kan Malama, ruwa ya rama ya tura gora sama! Malam ya ce duk abin da ka tura, shi ma sai ya tura ka daidai!"

Shugaba ya dubi ƙafar wandonsa, wadda ita ma ta sami rabonta na wannan doka, ta uku a dokokin motsi. Ya miƙo mini makulli da yatsa biyu, ya ce, "Amma a can ƙarshen fili, Malama. Kuma ki duba iska."

Allah ya gafarta maka, Malam. Allah ya yi maka rahama, ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya sa aljanna ce makomarka. Ya sa kowane yaro da ya gane abu a filin nan ya zame maka lada mai gudana, ya yafe mini abin da na faɗa a taron malamai, wanda kai ka riga ka yafe. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, da 'ya'yanka, da jikoki, da ɗalibanka da suka watsu a duniya. Allah ya ba su haƙurin rashinka, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Hajiya, igiyarki ta huta, tawa ce ta shiga uku.

Da aka tashi, na koma ɗakin na mayar da gorunan biyu gurbinsu bisa lamba. Na naɗe tiyo na rataye shi kan ƙusarsa. Rigarka na sauke na ninke don in kai wa Hajiya, na bar ƙusar da babu komai, ranar Alhamis zan zo da tawa. Na ja ƙofa, na murɗa makulli, na bi baranda zuwa bakin titi, takalmina na tsotson ruwa a kowane taku.