Ranar da 'Ya'yana Suka Sa Ni a Akwati

Ko da na manta komai na zamanmu a unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira, ba zan manta yammacin da 'ya'yan cikina suka kwance min zani a kasuwa ba. Lokacin maigidana yana karatu, muna haya a saman wata tsohuwa Bamisriya, mai gidan, wadda muke kira Hajja. Yarana biyu ba sa tafiya sai da gudu, ita kuwa Hajja da ta ji dif-dif sai ta ɗauki sandar tsintsiya ta bubbuga silin. Ƙarshe ta ce in hayaniyar ba ta tsaya ba, mu nemi wani gida. Hankalina ya tashi, don samun gida kusa da makarantar yara ba wasa ba ne.

Duk da haka, ita ce ta hawo mana da wani tsohon akwatin katako mai jan labule. Ta ce da shi suke wasa suna yara, kafin talabijin ya shigo gidaje: a zana mutane a kwali, a yanka, a ɗaura a wayar ƙarfe, a tura su ta gefe ana yi musu murya. Wai yanzu abin ya dawo, iyaye na neman abin da zai raba yara da wayar hannu. Ai kuwa gida ya yi tsit. Kullum suna ƙuryar ɗaki da almakashi, ni kuma ina ta godiya ga Allah, ban taɓa leƙa abin da suke yankawa ba.

Ga halina: in Hajja ta gama faɗa na rufe ƙofa, sai in ja tsaki in ce da Hausa, "Rediyo ta kunna kanta." Na saki jiki, tunda ba ta jin Hausa. Na manta ina da tafintoci biyu haifaffun Alƙahira.

Wata Juma'a bayan la'asar suka gayyato ta kallo. Na kawo shayi, aka ja labule. Sai ga tsohuwar kwali da tsintsiya tana dukan sama. Sai ga wata mai ɗaurin ɗankwali irin nawa, ta buɗe baki da Larabci tsantsa, muryar babbar 'yata: "Wayyo, Rediyo ta kunna kanta! Ina ma batirinta ya ƙare!"

Na yi tari, na harare su, na ce, "Ke, don ubanki!" Ina, suna bayan akwati, ba mai ganina. A raina har na fara ɗaure kaya.

Hajja ta ajiye kofi ta ce, "Khalas, ku tsaya." Ta miƙe da ƙyar, ta zagaya bayan akwatin. "Ba ni wayar ƙarfen nan, ba ku iya uwarku ba."

Ta karɓi matar ɗankwali, ta rusunar da ita tana kwaikwayon yadda nake ba ta haƙuri da Larabci: "Ma'alish Hajja, tamam Hajja, Allah ya ƙara lafiya." Sai ta juya ta, ta ja wani dogon tsaki, irin nawa sak, har da lanƙwasar ƙarshe. Yara suka faɗi ƙasa don dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

"'Yata," in ji ta, "tagar kicin ɗinki a kan tawa take. Yarenku ban sani ba, amma wannan na haddace shi."

Na fara ba da haƙuri, ta ɗaga min hannu. "Tun rasuwar mijina ba wanda ya sa ni a wasa. Ba inda za ku. Amma a rage min hancin nan, ya yi yawa."

Mun zauna a gidan har maigidana ya gama karatu, kowace Juma'a da wasanta. Tun ranar na gane yaro ba ya zubar da abin da ya ji a bakin uwarsa, ajiyewa yake sai ya samu 'yan kallo. Har yau in tsaki ya zo min, sai na waiga tukuna.