Hannun Baba Tijjani

A gyara zama, ga Sarkin Marinan unguwar Tandabawi ta Makka, Baba Tijjani, mai mulkin tulu biyu da igiyar shanya guda, marini a garin da baƙinsa ke zuwa cikin fararen kaya!

Mutumin Kura ne. A karofin ubansa ya tashi, shuni ya kama hannunsa har gwiwa tun bai yi gemu ba. Ya taho hajji a ƙafa da matarsa Shatu. Sun kusa Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa, zazzaɓi ya ɗauke ta. Aka bi ayari kaf, ba mai farin ƙyalle. Da zanen da ya rina mata na aure ya yi mata sutura.

Ya iso Makka, bai koma ba. Ganyen baba na rini kuwa ba ya tsiro a duwatsun nan, sai ya koma wa garin shunin Jamus na gwangwani. Mai kantin magani na bakin Harami ya ce wani Bajamushe ne ya shekara da shekaru yana dafe-dafe a kwalabe, har ya fitar da shi daga kwalta, ba ganye ko ɗaya.

Amma aikin bai sake ba. Zane ya fito daga tulu kore-kore, ya sha iska, ya rikiɗe shuɗi. Nan ne Baba ke kau da kai. Da azahar tsaka, in iska ta cika zane a igiya ya yi tsayin mace, sai ka ji ya ce, «Na ji, Shatu.» Mu 'yan unguwa masu yi masa dariya ma, a nan mukan bar tsokana.

A bara ya sayi likkafaninsa. Maƙwabciyarsa Baraka ce ta tsoma shi a zamzam, ta shanya, ta naɗe. Shi bai taɓa shi ba, don kada ya ɓata farin.

Ganin haka na je masa da dabara. Na ce da ɗan Larabcinmu, «Ya ammi, kawuna, halas, magana ta ƙare! Wanda ya iya fitar da shuni daga kwalta ai ya iya fitar da shi daga hannu. Mu sa mai kanti ya tambayo mana, ka tafi kabari fes kamar ango.»

Ya juya hannuwan, ya dube su.

«In ya wanke, da me Shatu za ta gane ni? Matsa, ka tare wa zanen iska.»