Malam Garba da karan dawa guda biyu

Ina shirin tayar da babur da safen nan aka kira ni: Malam Garba ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi na tarar a firamaren ƙauyen da aka fara tura ni koyarwa, can bayan Kiru. Hausa na karanta, amma da yake babu malamin lissafi, aka ɗora mini lissafin aji biyar. Girman kai ya hana ni cewa ban iya ba.

Wata Laraba na rubuta biyu da rabi a tara da ɗaya da sulusi a allo. Na haɗa biyu da ɗaya, uku. Sai na haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, na samu uku da biyu bisa biyar. Yara suka kwafe tsaf. Ashe Malam na tsaye bakin taga.

Ya jira har aka tashi. Ya ja ni gindin darbejiya, ya karyo kara biyu masu tsayi ɗaya a jikin danga.

"Malam Nura, rabi fa ka fara da shi. Ka ƙara masa, kuma ya koma bai kai rabi ba? Wane ɓera ne ya ci?"

Ya yi wa kowane kara gaɓa shida da wuƙa. Rabin wannan gaɓa uku, sulusin wancan gaɓa biyu. Ya ce in ƙirga. Biyar cikin shida.

Na ce gobe zan gyara allon a ɓoye kafin yara su iso.

"Allo ka gyara. Littattafansu fa? Shiga ka ce musu ka yi kuskure."

Wallahi na ji tsoro, gani nake ba yaron da zai sake ganin girmana. Washegari ya shigo ya zauna a bencin baya, ƙafafunsa ko shiga ƙarƙashin tebur ba sa yi. Na faɗa wa yara na yi kuskure. Kafin kowa ya yi dariya ya ɗaga hannu kamar ɗalibi, ya ce, "Malam, a sake mana, ni ma ban gane ba."

Ganinmu na ƙarshe a kasuwar Kiru ne, watan jiya, ya rame sosai. Bayan gaisuwa ya riƙe hannuna ya ce, "Rabi da sulusi?" Na ce biyar bisa shida. Ya ce, "To, yanzu na sallame ka."

Dariya na yi, ban san da gaske yake ba.

Ya Allah, yadda ya rufa mini asiri a gaban yara, Ka rufa masa a gabanKa, Ka haskaka kabarinsa. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Malam Garba a addu'a.